Kujerar Bayan Aji: Kare Martabar Gwajin Koyarwa

Tun da Gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa a 2017, fiye da dubu 21 suka faɗi, ake ta jin masu cewa takarda da kwamfuta kaɗai ke iya tantance malami, wai gwajin koyarwa rabon maki ne tsakanin malami da ɗalibinsa. Sun manta inda aka fito. A zamanin Grade II, Kwalejin Horon Malamai ta Wudil da takwarorinta ba sa sallamar ɗalibi sai an gan shi tsaye gaban allo. Ko da aka kafa hukumar kula da kwalejojin ilimi ta NCCE a 1989 da hukumar rajistar malamai ta TRCN a 1993, takardar NCE kuma ta zama mafi ƙarancin shaidar koyarwa, al'adar ba ta mutu ba. Har yau ɗaliban fannin ilimi na Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil kan fita makarantu domin gwajin koyarwa.

Sirrin gwajin yana ga kujerar da mai dubawa ke zama a bayan aji. Daga nan yake ganin abin da ɗalibin malanta ba ya gani. Zai fara karɓar shirin darasi, ya duba ko manufar da aka rubuta abu ce da yaro zai iya nunawa cikin minti arba'in. Sai ya kasa kunne ga tambaya: shin an jefa ta ga aji duka, an dakata, sannan aka kira suna, ko kuwa masu ɗaga hannu na layin gaba kawai ake bi? Babban ma'auni shi ne lokacin da yaro ya amsa ba daidai ba. Rago zai ce "zauna", ya nemi wani. Wanda zai zama malami kuwa zai bi kuskuren har tushensa, ya gano cewa yaron ya haɗa rabi da kwata ya samu biyu bisa shida ne domin ya tara sama da sama, ƙasa da ƙasa. Babu tambayar zaɓi-ɗaya da za ta kama wannan basira.

Ana cewa makin ya dogara da ra'ayin mai dubawa. Gaskiya ne, amma maganinsa a yawaita ziyara, a sauya masu zuwa, a kuma rubuta hujjar kowane maki. Jarrabawar kwamfuta tana auna abin da mutum ya haddace, iya isar da shi kuwa sai a aji. Tsangaya ta daɗe da gane haka, shi ya sa gardi ke biya wa ƙolo karatu a gaban idon alaramma.

Gyaran da ya fi gaggawa shi ne na harshe. Yaran Wudil da Gaya da Garko da Hausa suke tunani, amma sau da yawa santsin Turancin ɗalibin malanta ke ruɗar mai ba da maki. Ya kamata a wajabta wa kowane ɗalibin malanta ya warware darasi ɗaya na lissafi ko kimiyya da Hausa tsantsa, sannan mai dubawa ya karɓi littattafan yara uku daga layin baya, ya ɗora makinsa a kan abin da suka rubuta.