Lauyan da Babu Shi a Ɗaki na 400: Sharhi kan *Evicted* na Matthew Desmond

Littafin *Evicted* ya fito a 2016, ya ci kyautar Pulitzer a 2017, kuma ya cancanta. Matthew Desmond masanin halayyar zamantakewa ne da ya tare cikin talakawan birnin Milwaukee na Amurka daga 2008 zuwa 2009, ya bi iyalai takwas da masu gidajen haya biyu. Ba ƙagaggen labari ba ne, amma duk marubucin hikaya zai ƙaru da yadda ya gina mutanensa.

Babin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Ɗaki na 400, kotun da ake shari'ar korar ’yan haya, ana dab da Kirsimeti. Arleen, uwa mai fama da yara biyu a gabanta, tana karɓar tallafin dala 628 a wata, haya na cinye 550. Ta zo kotu ita kaɗai. Uwar gidanta, Sherrena, ta san kotun ciki da bai. Desmond bai mai da Sherrena dodanniya ba, domin bayan an gama zaman ita ce ma ta rage wa Arleen hanya a mota. Wannan adalcin alƙalami shi ne ƙarfin littafin. Ya kuma nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na waɗanda aka yi wa sammaci ba sa zuwa, sai a yanke hukunci a bayan idonsu.

Me ya hana Arleen lauya? Hukuncin Gideon na 1963 ya wajabta wa gwamnati ta ba talaka lauya a shari'ar laifi, amma bai shafi shari'ar haya ko bashi ko riƙon yara ba. A ƙarshen littafin Desmond ya nemi a ɗauki nauyin lauyoyin ’yan haya da kuɗin gwamnati. A nan ne nake ganin ya yi gaggawa. Shafuka kaɗan ya ba batun, ya wuce zuwa shawarar da ta fi damunsa, wato tallafin biyan haya ga kowane iyali matalauci.

Alhali labarin kuɗin kansa abin ba da labari ne. Majalisar Amurka ta kafa Legal Services Corporation a 1974 don raba tallafi ga ƙungiyoyin lauyoyi masu yi wa talaka aiki kyauta. Gwamnatin Reagan ta nemi a soke ta, ba ta yi nasara ba. A 1996 aka zabtare kasafinta, aka kuma haramta wa duk ƙungiyar da ta karɓi kuɗinta shigar da ƙarar taron dangi a madadin jama'a masu yawa. Ka ci tuwo, a ɗaure maka harshe ke nan. Wata hanyar samun kuɗin ita ce ruwan da ke taruwa a asusun ajiyar kuɗin abokan hulɗar lauyoyi, shi kuma ya ƙafe bayan rikicin tattalin arziki na 2008, daidai lokacin da Desmond yake Milwaukee. Da ya sa lauyar agaji ɗaya cikin taurarinsa, muka ga wa take karɓa, wa take sallama don rashin hali, da babin kotu ya fi haka cika.

Akwai kuma tambayar da labarin Arleen ya jefo: da gaske ana bin ta bashin hayar. Lauya zai iya nema mata ƙarin lokaci, ya tayar da maganar lalacewar gidan, ko ya hana sunanta shiga rajistar korarru da ke toshe mata samun wani ɗaki. Ba zai ƙara mata ko dala ɗaya a kan 628 ɗin ba. Birnin New York ya kafa dokar ba ’yan haya matalauta lauya a 2017, shekara guda bayan fitowar littafin, kuma a can ne za a iya auna abin da lauya ke iyawa idan bashin na gaske ne.