Jinjina ga Makanikan Spitfire

Duk sanda aka tayar da zancen yaƙin sararin samaniyar Ingila na 1940, matuƙan jirage ake yi wa kirari. Ni makanikai nake jinjina wa, masu hannu dumu-dumu da baƙin mai, waɗanda asuba ke riska a ƙarƙashin fiffiken jirgin yaƙi na Spitfire.

Injin da aka damƙa musu ba na wasa ba ne: Merlin na kamfanin Rolls-Royce, silinda 12, lita 27, ƙarfin doki sama da 1,000, mai kai jirgin kusan kilomita 580 a awa. Kowace silinda filogi biyu gare ta, ka lissafa da kanka. Ga bindigogin Browning takwas a fukafukai, kowace da harsashi 300, waɗanda ba sa kai daƙiƙa 20 sun ƙare. Jirgi na sauka sai a rufar masa: wannan na zuba mai, wancan na ɗura harsashi, wani na manna jan ƙyalle a bakin bindiga don kada sanyin sama ya daskarar da ita.

Merlin yana da lahani, gaskiya. In matuƙi ya kifa hanci ƙasa da ƙarfi, sai kafireto ya rikice, injin ya shaƙe, alhali jirgin Messerschmitt 109 na Jamus bai san wannan ciwo ba. Injiniya Beatrice Shilling ce ta kawo sauƙi a 1941 da ɗan faifan tagulla mai huji, ta bi sansanoni ana ɗaura shi.

Har yau akwai magadan makanikan nan a sansanin sojan sama na Coningsby, suna kwance Merlin suna ɗaurawa.