Gogen ado da gogen kiɗa a bakin Jakara

Goge ba shi da tarkace da yawa. Rabin ƙwarya ce aka rufe bakinta da fatar guza, aka soke ta da sanda, aka ɗaura tsagiya, wato gashin wutsiyar doki, daga wannan kai zuwa wancan. Wani ɗan itace da ake kira jaki shi ke ɗage tsagiyar daga kan fata. Sai bakan gogawa, shi ma da tsagiya, da ƙaron da ake shafa masa don ya kama. Saboda ƙarancin kayan nan, da ɗaya ya samu matsala kunne zai ji nan take.

Kasuwar Kurmi, wadda ke gefen rafin Jakara tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, nan ne mai neman kayan gargajiya yake fara nufa. Sai dai masu sayen goge sun canja. Tun da fiyano ya mamaye situdiyoyin Kano, na'ura ɗaya ke kwaikwayon muryar goge da kalangu da sarewa. Ga kuma tsohon tabon da ke bin goge na alaƙa da bori, wanda ya ƙara nauyi bayan ƙaddamar da Shari'a a 2000. Makaɗa suka ragu, aka bar masu neman abin ratayewa a falo da 'yan makarantar da za su yi ranar al'adu. Mai sana'a kuwa abin da ake saye yake yi. Ƙwarya ta sha zane, sanda ta sha jan fata da tuntaye, amma a ɗora baka a ji abin takaici.

Wannan yayi ya fi cutar da mai ƙaramin ƙarfi da ke son koyon kiɗa, domin kuɗinsa kan tafi ne a kwalliyar da ba ta ƙara wa sauti komai. Fata ce ta cancanci kaso mafi tsoka. Ta guza siririya ce mai ƙarfi, tana da ƙananan ɓawo da yatsa ke ji, kuma ita ke ba goge muryar nan mai kama da ta mutum. Ta akuya ta fi araha, amma takan dushe sautin. Idan aka ƙwanƙwasa fatar da farce, ya kamata ta amsa tas. In ta yi luf, ko jaki ya lotsa cikinta, ɗaurin bai yi ba. Ƙwaryar kuma a ɗaga ta sama a duba ta a haske, domin tsaga irin ta gashi kan ɓuya a ƙarƙashin fenti, kuma ita ce za ta riƙa zuza a duk lokacin da aka ja baka.

Lokacin ciniki ma yana da tasiri. Iskar hunturu na ɗame kowace fata, har marar kyau, ta yadda gogen da ya yi zaƙi a watan Janairu zai iya sakwarkwacewa da ruwan Agusta. Shi ya sa makaɗa kan kara fatar kusa da garwashi ko su shanya ta a rana kafin wasa. Gogen da ya yi magana da damina ya ci jarrabawa.

Tsagiya ita ce inda ake yawan ha'inci, a sa zaren roba irin na kamun kifi. Ga ɗan koyo wannan ba abin tayar da hankali ba ne, tunda tsagiya ana sauya ta, kuma garin da ake hawan salla ba ya rasa wutsiyar doki. Abin da ba ya gyaruwa cikin sauƙi shi ne karkatacciyar sanda.

Turawa ma suna da tazara tsakanin goge mai tsada da mai araha. A 2011 an sayar da wani gogen da Antonio Stradivari ya ƙera a 1721 kan fam miliyan 9.8, alhali masana'antun Sin na fitar da masu araha dubbai. Malaman kiɗan Turawa kan shawarci ɗalibi ya tafi kanti da wanda ya iya, ya saurara daga nesa. Shawarar ta zauna daidai a Kurmi, don mai riƙe da goge ba ya jin abin da 'yan kallo ke ji.

Wanda aljihunsa bai kai ba yana iya farawa da kukuma, ƙanwar goge, wadda Ibrahim Na Habu da Garba Supa da Hassan Wayam suka yi suna da ita. Kayanta kaɗan ne, hannu kuma kusan ɗaya ne. Mafi alheri duka shi ne tsohon goge daga hannun makaɗi. Yawancin makaɗa da kansu suke haɗa nasu, kuma wanda ya sayar yakan yarda a komo masa in fata ta saki.