Ƙato Bayan Ƙato: Shin Layi Ne Maganin Maguɗi?

Duk lokacin da aka gama zaɓe rigima ta tashi, sai ka ji ana cewa a koma ƙato bayan ƙato, kowa ya bi layin gwaninsa a ƙirga a idon jama'a. Masu wannan ra'ayi na kafa hujja da zamanin Farfesa Humphrey Nwosu da zaɓen 12 ga Yuni, 1993. Hujjar tana da daɗin ji, amma akwai gyara a cikinta.

Mu fara da inda suke da gaskiya. Masana kimiyyar siyasa sun daɗe da lura cewa amincewar wanda ya faɗi ita ce ma'aunin halaccin zaɓe, domin wanda ya ci ai ba ya ƙorafi. Binciken Tom Tyler, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya nuna mutane kan karɓi hukuncin da bai yi musu daɗi ba matuƙar sun ga an bi hanyar adalci. Wanda ya ƙirga layi da idonsa kuwa, da wuya a ce masa an yi aringizo.

To amma layi bai hana maguɗi a Kenya ba. A 1988, zamanin Daniel arap Moi, jam'iyyar KANU ta yi zaɓen fid da gwani da wannan tsari, kuma duk wanda ya samu kashi 70 cikin 100 ya wuce majalisa kai tsaye. A mazaɓu da dama aka bayyana mai gajeren layi a matsayin wanda ya ci, jama'a na kallo. Tsarin ya zubar da mutuncinsa har aka soke shi a 1990.

Sannan akwai tsoro. Ɗan haya zai iya tsayawa a layin abokin hamayyar mai gidansa? Matar aure fa, ko ƙaramin ma'aikaci? Mai sayen ƙuri'a ma layi ya fi masa, don yana ganin wanda ya ci kuɗinsa ya kauce. Irin wannan matsin ne ya sa Birtaniya ta koma ƙuri'ar sirri a 1872.

Shi kansa zaɓen 12 ga Yuni ba tsantsar layi aka yi ba. An tantance mutane a fili, kowa ya dangwala a ɓoye, aka ƙirga a gaban jama'a a rumfa. Abin da ya jawo masa yarda ke nan.

Saboda haka abubuwa biyu ne ake cakuɗawa, wato yadda ake jefa ƙuri'a da yadda ake ƙirga ta. Na farko sirri yake buƙata, na biyu kuma idon kowa, tun daga rumfa har zauren tattara sakamako. In mai bayyana sakamako zai iya faɗin abin da ya ga dama, ko layin ya kai kasuwa ba zai tsinana komai ba.