Barbara Cartland da Labarin Soyayyar da Ke Tsayawa a Ranar Ɗaurin Aure

Ranar 21 ga Mayun 2000 wata dattijuwa mai shekara 98 ta rasu a gidanta da ke yankin Hertfordshire, arewa da birnin Landan. Sunanta Barbara Cartland. Ta bar littattafai 723 da aka buga, mafi yawansu na soyayya, da wasu kimanin 160 da ta rubuta ba a kai ga buga su ba. Masu buga littattafanta sun ce an sayar da kwafi sama da miliyan 750 a harsuna daban-daban. Duk da haka, da wuya malamin adabi a Ingila ya ambaci sunanta bai yatsina fuska ba. Wannan tazara da ke tsakanin ƙaunar masu karatu da rainin masana ita ce ta sa ya kamata a zauna a yi nazarin matar nan da adalci. Marubuciyar da miliyoyin mata suka ba ta kuɗinsu da daren hutunsu akwai abin da ta gane game da zuciyar ɗan Adam, akwai kuma abin da ta ƙi kallo.

Gidan da ta fito

An haife ta ranar 9 ga Yulin 1901 a unguwar Edgbaston ta birnin Birmingham, a gidan da ke da suna amma arziki ya fara zillewa. Kakanta na wajen uba ya karye a harkar kuɗi, ya kashe kansa, iyali suka koma zaman lallaɓawa. A watan Mayun 1918, saura 'yan watanni a gama Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka kashe mahaifinta a fagen daga a Faransa. Mahaifiyarta Polly ta buɗe shagon sayar da tufafi a Landan don ta riƙe 'ya'yanta uku. Yaƙi na biyu bai ƙyale gidan ba: ƙannenta maza biyu, Anthony da Ronald wanda ɗan majalisar dokoki ne, an kashe su a ƙarshen Mayun 1940, kwana ɗaya tsakani, lokacin da sojojin Birtaniya ke ja da baya zuwa Dunkirk.

Ba gidansu kaɗai wannan masifa ta shafa ba. Yaƙin farko ya cinye mazajen Birtaniya sama da 700,000, kuma ƙidayar 1921 ta nuna mata sun fi maza yawa da kusan miliyan biyu. 'Yan mata da yawa sa'o'in Barbara sun tsufa ba aure, don samarin da za su aure su suna kwance a maƙabartun Faransa da Beljiyam. Duk wanda ya san wannan zai fahimci dalilin da ya sa labarin da ke ɗaukar alkawarin cewa namiji zai zo, zai tsaya, ba zai mutu ba, ya samu kasuwa irin wadda ya samu.

Ta fara neman na kanta da aikin jarida, tana rubuta labaran manyan gari da tsegumin bukukuwansu ga jaridar Daily Express ta Lord Beaverbrook. A nan ta koyi gajeriyar jimla da gajeren sakin layi, ta koyi cewa mai karatu ba ya jira. Littafinta na farko, Jigsaw, ya fito tana da shekara ashirin da 'yan kai, kuma mutanen lokacin sun ɗauke shi a matsayin littafi mai ɗan rashin kunya. Wasan kwaikwayonta Blood Money kuwa sai da hukumar tace wasanni ta hana nuna shi. Matar da daga baya ta zama tutar kamun kai da haka ta fara.

Gadon da ta tarar

Barbara ba ita ta ƙirƙiri wannan nau'in adabi ba. Tun a 1740 Samuel Richardson ya fitar da Pamela, labarin 'yar aikin da ta kare mutuncinta daga maigidanta har ya aure ta. Jane Austen ta zo da Pride and Prejudice a 1813, Charlotte Brontë ta biyo da Jane Eyre a 1847. A dukkansu akwai yarinya mai ƙaramin ƙarfi, da namiji mai dukiya da taurin kai, da aure a ƙarshe. Kamfanin Mills & Boon da aka kafa a 1908 shi ya mayar da wannan tsari babbar sana'a. Ita kanta Barbara ta tashi da karanta Elinor Glyn da Ethel M. Dell, marubutan da 'yan mata ke ɓoye littattafansu a ƙarƙashin matashi.

Wadda ta fi shafar aikinta kai tsaye ita ce Georgette Heyer. A 1935 Heyer ta buɗe sabon fage da littafinta Regency Buck, inda ta mayar da labarin soyayya zuwa farkon ƙarni na 19, zamanin karusa da gidajen caca da manyan masu sarauta. Heyer mai bincike ce ta gaske. Tana tara bayanai kan suturar zamanin da karin maganarsa da tsarin tafiye-tafiyensa. Da Barbara ta shigo wannan fage, a 1950 Heyer ta zarge ta da kwasar sunaye da halaye da sassan labari daga littattafanta, musamman a Knave of Hearts. Maganar ba ta kai kotu ba, amma tabon ya zauna, kuma wanda ya karanta su biyun zai ga Heyer ta fi zurfi da iya raha nesa ba kusa ba.

Yadda take gina labari

A ɗauki A Hazard of Hearts na 1949, wanda aka mayar fim a 1987. Mahaifin jarumar, Serena, ɗan caca ne. A zama ɗaya ya yi asarar gidansa, ya ɗora auren 'yarsa a kan tebur, shi ma ya faɗi, sannan ya mutu. Wani mai sarauta mai suna Vulcan, mutum marar fara'a, ya cinye gidan da yarinyar daga hannun wanda ya fara cinye su, ya kai ta katafaren gidansu na bakin teku inda mahaifiyarsa ke gudanar da caca da fasa-ƙwauri. Daga nan sai haɗari, da sacewa, da ceto, har ranar da mutumin da ba ya nuna so ya buɗe baki ya furta. Uban da ya karye, da gidan da ya salwanta, da yarinyar da aka bari ba kowa: wannan ya yi kama da tarihin gidan su Barbara, sai dai a littafi akwai mai ceto.

Wannan ƙashin bayan shi ta maimaita sau ɗaruruwa. Jarumar budurwa ce ƙarama, kyakkyawa, mai tsoron Allah, yawanci marainiya. Jarumin ya girme ta, yana da sarauta da dukiya, ya ga duniya har ta gundure shi. Tsarkin zuciyarta ne ke gyara shi. Ba abin da ke shiga tsakaninsu da ya wuce sumba sai an ɗaura aure. Idan labari ya zo ƙarshe, jarumar takan yi magana a rarrabe, kalma ɗaya, ɗigo-ɗigo, wata kalmar, kamar numfashi na neman ƙwace mata. Masu karatunta na gane wannan salo ko an cire bangon littafin.

Yadda take rubutun ma abin lura ne. Bayan cin abincin rana takan kishingiɗa a kan doguwar kujera, ƙaramin karenta a gefe, sakatariya na zaune a bayanta da alƙalami. Ita tana faɗa, sakatariya na rubutawa, kalmomi dubbai a zama ɗaya, littafi ya kammala cikin kamar mako biyu. Shi ya sa rubutunta ke da sauƙin shiga kunne, don asalinsa magana ce. Shi ya sa kuma yake cike da maimaici, don abin da aka faɗa da baki ba a cika komawa a sassaƙe shi ba.

Babbar kasuwarta ta buɗe a shekarun 1970. A 1972 Kathleen Woodiwiss ta fitar da The Flame and the Flower a Amurka, aka shiga yayin littattafan soyayya masu bayyana abin da ke faruwa a ɗakin kwana. Barbara ta ƙi bin yayin. Sai ya zamana akwai ɗimbin masu karatu, a Turai da Amurka da Indiya da sauran wurare, da ke neman labarin da uwa za ta iya bari a falo ba fargaba. Ta ninka aikinta har ta rubuta littafi 23 cikin shekara guda, kundin Guinness ya sa sunanta. A lokacin ta haura shekara 70.

Rayuwar da ba ta sa a littafi ba

A nan ne nazarin Barbara Cartland ke da daɗi da kuma ciwo. Ta auri Alexander McCorquodale a 1927, ta haifi 'yarta Raine a 1929, auren ya mutu a kotu a 1933 cikin zarge-zargen cin amana da jaridu suka yayata. A 1936 ta auri ɗan uwansa Hugh, suka haifi maza biyu, suka zauna har rasuwarsa a 1963. Ta san mutuwar aure, ta san takaba, ta san riƙon gida da guminta.

Ba a nan ta tsaya ba. A 1931 tana cikin waɗanda suka gwada jan jirgin sama marar inji da wani jirgin a doguwar tafiya. Lokacin yaƙi na biyu, da aka taƙaita sayen tufafi, ta riƙa sayen rigunan amare na hannu, don matan da ke aikin soja su ara su yi aure cikin farar riga maimakon kaki. A 1955 aka zaɓe ta kansila a Hertfordshire, ta yi shekara tara tana fafutukar ƙarin albashin ungozomomi da ma'aikatan jinya da gyaran gidajen tsofaffi. Ta tsaya wa al'ummar Romani masu yawo, waɗanda ake kora daga wuri zuwa wuri har 'ya'yansu ba sa samun zaman makaranta, ta samar musu matsuguni kusa da Hatfield. A 1991 Sarauniya Elizabeth ta ba ta lambar girma ta Dame.

To, ina irin wannan mace a littattafanta? Babu ita. Matar da ta ci da kanta, ta tsaya a gaban alƙali, ta yi jayayya da 'yan siyasa, ita ce ta ƙi ba jarumarta ko ɗaya daga cikin waɗannan. Jarumar tata jira take a cece ta, kuma da zarar an ɗaura aure sai a rufe littafi. Wannan shi ne babban giɓin aikinta, ya fi maimaici da gaggawa muni.

Masu suka da masu karatu

Germaine Greer, a littafinta The Female Eunuch na 1970, ta caccaki irin waɗannan labarai, tana ganin suna koya wa mata son sarƙar da ta ɗaure su. A 1984 kuma Janice Radway ta fitar da Reading the Romance bayan ta zauna da matan da ke karanta su a wani gari na Amurka. Abin da ta gano shi ne, ga matar da ta wuni tana hidimar miji da 'ya'ya, ɗaukar littafi wata hanya ce ta cewa wannan sa'ar tawa ce, kuma abin da take nema a ciki namiji ne mai kula da tausayi. Duka biyun suna da gaskiya. Littafin na sanyaya zuciya, amma ba ya shirya mai karatu ga abin da ke bayan ƙofa. Ga misali: Raine, 'yar Barbara, ta auri mahaifin Gimbiya Diana a 1976, kuma an san Diana ta tashi da karanta littattafan Barbara. Diana ta auri yarima a 1981 kamar yadda labaran ke ƙarewa, auren ya mutu a 1996.

Abin da ya shafe mu

Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne ga wannan muhawara. Tun daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da littattafan Bilkisu Funtuwa, an yi wa marubutanmu irin sukar da aka yi wa Barbara: adabin kasuwa ne, yana ɓata 'yan mata, ba shi da zurfi. Har ƙona littattafai an yi a Kano a 2007. Sai dai akwai inda namu suka sha gabanta. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya fara ne daga inda Barbara ke ajiye alƙalami. Rabi matar aure ce mai 'ya'ya tara, miji ya kore ta saboda amarya, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. Balaraba ta ɗauki abin da mata ke gani da idonsu ta sa a takarda, abin da Barbara ta sani sarai amma ta ɓoye.

Akwai abin koyi a wurin Barbara Cartland: naci a kan aiki har tsufa, girmama mai karatu, da tabbatar da cewa ana iya rubuta soyayya mai jan hankali ba tare da batsa ba. Amma marubutanmu na yau, musamman masu sakin labari babi-babi a WhatsApp da Wattpad, su yi hattara da tarkon da ta faɗa, na attajirin da ke sauka daga mota ya share wa marainiya hawaye a rufe labari. Yawan littafi ba ya tsayar da suna. Cikin 723 ɗin nan kaɗan ne ake tunawa da sunansu a yau. Ku rubuta soyayya, don mutane na buƙatarta, amma ku bi amaryar har cikin ɗakinta, ku nuna mana yadda ta rayu bayan 'yan biki sun watse.