Jinjina ga Masu Haɗa Batirin Sola

Manomin Funtuwa ko Malumfashi da ya sayar da masararsa ya sayi batirin litiyam, amanar kuɗinsa tana hannun mai haɗa batirin. Sannunku da aiki, gwanaye!

Kowace ƙwayar batiri takan ɗan kumbura idan ta sha caji, zafin Afrilu kuwa ƙara wahalar da ita yake. Gwani yakan jera ƙwayoyi huɗu masu volt 3.2, ya sa siririyar roba tsakaninsu, ya dafe su da faranti biyu da dogayen ƙarafa masu noti. In ya sassauta, batiri ya yi ciki. In ya matse fiye da kima, ya lalace. Shi ya sa yake juya sifana a hankali, kusurwa bayan kusurwa, yana dubawa.