4.3 Tsokaci a Kan Amfani da Awon Kai-Sukwaya a Gwajin Maganin Trovan a Kano

A shekarar 1996, lokacin da annobar sanƙarau ta addabi Kano, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada sabon maganinsa Trovan a kan yara kimanin 200 a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa. An raba yaran kashi biyu, kusan 100 a kowane ɓangare: wasu aka ba su Trovan, sauran kuma seftiriyazon, wanda aka riga aka san amfaninsa. Yara 5 suka rasu a kashin farko, 6 a na biyu.

Idan aka ɗora waɗannan alƙaluma a kan awon kai-sukwaya, wanda Karl Pearson ya fito da shi a 1900, mutuwar da ake tsammani a kowane kashi ita ce 5.5, sakamakon kuwa kusan 0.1 ne. Sai ya haura 3.84 kafin a ce akwai bambanci. Saboda haka awon bai ga bambanci tsakanin magungunan biyu ba.

A nan ne gizo ke saƙar. Rashin ganin bambanci ba hujja ba ce ta cewa magungunan daidai suke. Ko da yara 14 ne suka rasu a kashin Trovan, 6 a ɗayan, sakamakon zai tsaya a 3.56, wato awon zai ci gaba da yin shiru, alhali mutuwa ta ninka fiye da sau biyu. Yara 200 sun yi kaɗan ga irin wannan tambaya, kuma mai sanƙarau a Yakasai ko Fagge ba ya da lokacin jiran a tara ƙari.

Bugu da ƙari, awon yana ɗauka cewa ma'aunin da aka gwada da shi cikakke ne. Amma an rage adadin seftiriyazon da aka ba yaran ƙasa da yadda aka saba bayarwa, abin da ka iya ɗaga darajar Trovan. Haka kuma rukunin "ya rayu" ya haɗe lafiyayye da wanda ya kurmance ko ya shanye.

Batun izinin iyaye kuwa ba ya shiga kowane gurbi na jadawalin, kuma yana cikin ƙorafe-ƙorafen da gwamnatin Kano ta kai kotu, har aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75.